Telolin Bakin Ƙofa

Shagon surfani na Alhaji Seidu yana Kawukudi, daf da mahaɗar da motocin haya na tirotiro ke cunkushewa tun da sassafe. Duk mai son rigar shiga taro a Nima da Mamobi ya san ƙofar. Teloli shida ne a ciki, huɗu a kan keken wuta, biyu a kan aikin hannu. Babbansu shi ne Malam Osman, mutumin Bawku, wanda ya shigo Akra da ƙuruciyarsa ya zauna a shagon har gemunsa ya yi fari. Idan Malam Osman ya kama babbar riga sai ta yi watanni a cinyarsa, amma in ta fito, mai ita ba ya sake zama a kujerar baya a wurin biki.

Abu biyu ne ke damun Alhaji Seidu. Na farko dumso, wato ɗauke wutar da masu wuta ke yi ba sallama. Da ta tafi sai kekuna su tsaya, fanka ta tsaya, teloli su fito waje su kama gardamar ƙwallo. Na biyu kuwa telolin kansu. Wannan yau suna a gidan yayarsa, wancan gobe aure a unguwar Madina, ɗayan kuma an yi masa rasuwa a Tamale. Akwai wanda Alhaji ya rantse kakarsa ta rasu sau uku.

Alhaji yana da ɗan ƙani mai suna Abdul-Latif, wanda ya gama karatun tattalin arziki a jami'a. Tun da ya gama bai sami aiki ba, saboda haka yana da isasshen lokacin yi wa mutane bayanin yadda ake samar da ayyuka. Wata rana da la'asar, wuta ta tafi, ya tarar da Alhaji yana fifita da kwali, sai ya zauna kusa da shi ya nuna masa bidiyo a waya. Wata doguwar na'ura ce mai kawuna shida, tana zuba surfani a kan riguna shida lokaci guda, ba kowa a kusa da ita.

"Baba, nan duniya ta dosa," in ji Abdul-Latif. "Na'ura mai sarrafa kanta, da batir mai ajiye wuta. Su biyun nan ne za su ɗaga arzikin ƙasashe nan gaba. Rana ta cika batir, batir ya ciyar da na'ura, na'ura ta yi aiki. Dumso ba ta da ƙofar shiga."

Alhaji ya ƙura wa wayar ido. "Ita wannan, tana da dangi a Tamale?"

"Ba ta da kowa, Baba."

"Ko ƙanwar kaka?"

"Marainiya ce gaba da baya."

Alhaji ya ajiye kwalin fifitar. A makon nan ya sa aka nemo mai sayen filinsa na Kasoa. Matarsa Hajiya Zuera, wadda ke sayar da daskararren kifi da kaji a Kasuwar Malam Atta, ta ce filin nan shi ne abin da za su jingina da shi in sun tsufa. Alhaji ya ce mata ai tattalin arziki zai bunƙasa. Ta tambaye shi na wa, ya ce ta tambayi Abdul-Latif.

Ranar da na'urar ta iso daga tashar jiragen ruwa ta Tema, sai da aka fasa bangon shago kafin ta shiga. Aka jera faranten sola a kan rufi, aka kafa batura a ɗakin baya, kowanne kamar ƙaramar durowa, da fitilu kore suna ƙyaftawa. Aka sa wa ɗakin na'urar sanyi, abin da telolin suka yi shekaru suna roƙo ba su samu ba. Mutanen layi suka leƙa suka ga abu na zaune cikin sanyi, ba ya gaida kowa, sai suka raɗa masa suna Manaja.

Sallamar telolin ba ta zo wa Alhaji da sauƙi ba, don ba mugun mutum ba ne. Ya sa aka sayo shinkafa da wake da soyayyen kifi, aka ci aka ƙoshi, sannan ya ce Abdul-Latif ya yi bayani. Abdul-Latif ya miƙe ya yi magana mai tsawo a kan yadda kowane sabon inji a tarihi ya fara da korar mutane, daga baya ya buɗe ayyukan da ba wanda ya taɓa mafarkinsu.

Malam Osman ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, ni wanne ne nawa a cikin waɗanda ba a yi mafarkinsu ba?"

"Baba Osman, ai an 'yantar da kai ne. Yanzu kana da lokacin yin aiki mafi daraja."

"Ina ake zuwa a karɓe shi?"

Abdul-Latif ya ce kasuwa ce za ta nuna. Malam Osman ya naɗe allurorinsa a cikin ƙyalle, ya yi wa Alhaji godiyar zaman tare, ya fita ta inda aka fasa bango. Alhaji ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Manaja ta fara aiki, kuma gaskiya ta yi aiki. Rigar da keke ke kwana biyu a kanta, kafin a gama shan koko ta fito. Sai kuma aka shiga wani zango na dumso mai tsanani, layin ya yi tsit, shagon Alhaji kaɗai ke ƙara. A nan ne Alhaji ya gane cewa Manaja marainiya ce, amma batir yana da dangi.

Maƙwabciya ta zo da waya ta ce minti kaɗan. Surukin ƙanin Alhaji ya zo da wayoyi huɗu da tocila. Ladan ya aiko a ja waya zuwa lasifikar masallaci, wannan kuwa ba a cewa a'a. Mai aski ya roƙi alfarmar kai ɗaya, ya dawo da layin kawuna. Masu suna a gida na uku suka ce ai makaɗi ya riga ya iso. Daga ƙarshe Hajiya Zuera ta ɗoro firizarta a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta sa aka sauke ta a tsakiyar shago.

"Hajiya, wannan fa wutar masana'anta ce," in ji Alhaji.

"Filin da aka sayar, ni na kori masu zuba masa shara shekara da shekaru. Rabona nake ci. Matsa in wuce, kifina na narkewa."

Kafin azahar fitilun batura sukan koma ja, Manaja ta tsaya da riguna shida a bakinta. Alhaji ya gwada hana mutane da kansa, aka fara cewa tun da ya sayi inji ya daina sanin mutane. Ya sa Abdul-Latif, wata tsohuwa ta tuna masa ita ta goya shi. Aka rasa yadda za a yi, sai Hajiya ta ce a nemo mai farin gemun da ba wanda zai iya zagi.

Haka Malam Osman ya dawo. Alhaji ya same shi a inuwar masallaci, inda yake wuni tun da aka 'yantar da shi. Aka ba shi kujera a bakin ƙofa, Abdul-Latif ya ba shi muƙamin Jami'in Kula da Makamashi. Aikinsa shi ne ya ce, "Yi haƙuri, batir ya gaji." Bayan shi sauran ma suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ashe idan zare ya tsinke Manaja kuka take yi ta tsaya har sai an zura mata, don haka aka ɗauki mai zura zare. Aka ɗauki mai ɗaura riga a firam da mai yanke bakin zare. Aka ɗauki mai hawa rufi ya wanke faranten sola, aka ɗauki mai gadin batura saboda an fara jin ɓarayi na tambayar nauyinsu. Ba wanda ya taɓa allura a cikinsu, amma duka shidan sun dawo, kuma ba su fasa zuwa suna ba.

"Ka gani, Baba?" in ji Abdul-Latif. "Ayyukan da ba a yi mafarkinsu ba."

Da azumi ya kama, shadda ta cika shago har rufi. Aikin ya yi araha, domin Abdul-Latif ya ce arahar kaya ita ce hanyar da talaka ke cin ribar fasaha. Zane uku ne kawai a cikin kwamfutar Manaja, sauran sai an saya daga kamfanin da ya ƙera ta. Cikin ukun akwai wani aska takwas mai cika ƙirji, wanda duk wanda ya gani sai ya ce shi yake so. A karon farko a tarihin Kawukudi, tela ya cika alkawari. Kowa ya karɓi rigarsa tun kafin a fara neman wata.

Ranar Sallah aka hallara a filin Idi. Alhaji Saddique, mai manyan motocin da ke kai kaya Burkina, ya fito daga mota da rigar shadda ruwan toka, ya nufi sahun gaba a hankali don a gani. Ya zauna, ya duba damansa, ya ga askarsa takwas a ƙirjin mai sayar da katin waya. Ya duba hagu, ya gan ta a ƙirjin Wasiu mai kwasar shara a aboboya. Ya waiga baya, sai ya ga kamar an tara 'yan makaranta ɗaya. Wasiu ya yi masa murmushi ya ce, "Cale mutumina, Alhaji, ashe telanmu ɗaya!"

Washegari Alhaji Saddique ya dira a shago, rigar a hannu, ya jefa ta kan firizar Hajiya.

"Seidu, ni za ka yi wa anko da mai kwasar shara?"

"Alhaji, ai aikin ya yi kyau."

"Ban ce bai yi kyau ba. Na ce kowa na da shi. Ni aikin hannu nake so, wanda ɗan Adam ya zauna ya wahala a kansa. In ba ku yi yanzu, in kai Kumasi."

Bayansa wasu manyan suka biyo da magana iri ɗaya. Alhaji Seidu ya shiga tsaka mai wuya. Manya su ne ribar shago, amma in ya mayar da teloli kan allura, wa zai yi wa Manaja hidima, kuma me zai ce wa Hajiya game da filin Kasoa? Abdul-Latif ya yi kwanaki yana latsa kwamfuta, sannan ya zo da fara'a.

"Baba, na yi nazarin abin da kasuwa ke nufi da aikin hannu. Abu uku ne. A ga ɗan karkata a layi, a ga tsoho riƙe da allura, sannan a sha wahalar karɓa. Duka ukun za mu iya samarwa."

Ya sayi sababbin zane, ya koya wa Manaja kuskure. Nan ta tsallake ɗinki ɗaya, can ta ɗan kauce, kuma ba ta maimaita kuskure iri ɗaya a riga biyu. Aka ja labule mai kauri a ƙofar ɗakinta. Aka shimfiɗa tabarma a gaban shago inda duk mai wucewa zai gani, aka zaunar da Malam Osman da mutum biyu, kowa da riga a cinya da allura a hannu. Rigar da Manaja ta gama da safe sai a ninke ta a ɓoye a kabad. In mai ita ya zo, a ce masa ya dawo jibi. In ya dawo, a ce an yi wa telan rasuwa.

Malam Osman bai ji daɗin tsarin ba. Ya sami Alhaji shi kaɗai ya ce, "Alhaji, wannan ba yaudara ba ce?"

"Malam Osman, na ce ka yi wa wani magana? Zama kawai za ka yi ka riƙe allura. In mutum ya gani ya yi zato, tsakaninsa da idonsa ne."

"To in ya tambaye ni fa?"

"Ka ce aiki sai a hankali. Ƙarya ce?"

Malam Osman yana da iyali da jikoki a ɗaki biyu a Mamobi, kuma ya ɗanɗana zaman inuwar masallaci. Ya koma kan tabarma.

Kasuwa ta buɗe fiye da da. Manya suka riƙa zuwa suna zagin Alhaji a kan jinkiri, suna fita da murna. Alhaji Saddique ya yi sawu biyar kafin ya karɓi tasa, ya riƙa nuna wa abokai inda layi ya karkace yana cewa, "Ka ga nan? Nan ne tsohon ya yi gyangyaɗi. Inji ba ya gyangyaɗi."

Shi kuwa Malam Osman, hannunsa bai iya wasa da allura ba. Sauran biyun sukan soka su zare ba zare a jiki, amma shi ya kasa. Ya sayi farar shadda da kuɗinsa, ya zana abin da ya daɗe yana so ya yi tun yana saurayi ba a ba shi lokaci ba, ya fara ɗinki na gaske. Ba mai jiran rigar, ba mai matsa masa. Tsakanin "batir ya gaji" da "aiki sai a hankali", ya yi ta bin zanensa har damina ta wuce. Ranar da ya ƙulle zaren ƙarshe ya shimfiɗa ta a kan tabarma, sauran telolin suka taru a kanta. Mai wanke sola ya sauko daga rufi don ya gani. Alhaji Seidu da kansa ya tsuguna, ya shafa ƙirjin rigar, ya ce, "Malam Osman, ashe haka kake?"

Ana cikin haka motar Alhaji Saddique ta tsaya. Ya zo neman rigar ɗaurin auren 'yarsa. Alhaji Seidu ya ɗauko farar rigar da hannu biyu, kuma a karon farko cikin watanni ya yi magana ba tare da ya kauce wa idon mai saye ba.

"Alhaji, ga aikin hannu. Ga wanda ya yi shi nan zaune."

Alhaji Saddique ya sa tabarau, ya bi layi ɗaya da yatsa daga wuya har aljihu. Ya juya cikin rigar, ya ɗaga ta a rana. Sannan ya yi dariya.

"Seidu, ni za ka yi wa wayo? Ko ɗinki ɗaya bai kauce ba. Wannan aikin inji ne, ko makaho ya shafa ya sani." Ya juya ga Malam Osman. "Kai kuma Malam, da girmanka a haɗa baki da kai? Ku kawo mini irin ta wancan karon."

Aka shiga bayan labule aka ɗauko masa ta Manaja. Ya ga karkatar, ya gamsu, amma ya ƙi karɓa a ranar, ya ce zai dawo jibi don ya san ba a gama ba.

Malam Osman ya miƙe daga kan tabarma. Ya ninke rigarsa, ya sa a leda, ya tafi gida tun kafin la'asar. Washegari bai zo ba. Alhaji Seidu ya je har Mamobi ya same shi, ya ba shi haƙuri, ya ce zai sayi rigar ya sa da kansa. Malam Osman ya ce ba ta sayarwa ba ce, kuma ba fushi yake ba, gajiya ce. Ya ce a bar shi ya huta.

Bai daɗe yana hutawa ba. Alhaji Fataw, mai shagon da ke tsallaken titi, ya shigo da na'ura mai kawuna goma sha biyu da batura cike da ɗaki, ya shimfiɗa tabarma wadda ta fi ta Alhaji Seidu tsawo. Matsalarsa ita ce telolin gaske sun ƙare a layin, don haka ya ɗebo tsofaffi masu kwarjini daga ko'ina: tsohon maigadi, tsohon mahauci, tsofaffin direbobi. Sharaɗin ɗaukar aiki gemu ne da tabarau. Sai dai wasunsu suna riƙe allura kamar za su yi sakace, har masu wucewa sun fara dariya. Fataw ya aika wa Malam Osman cewa yana neman mai horar da ma'aikata, da kujera mai jingina da abincin rana. Matar Malam Osman ce ta amsa wa ɗan aiken kafin shi ya buɗe baki.

A makon da Malam Osman ya fara aikin, wani gidan rediyo ya gayyaci Abdul-Latif ya yi bayanin yadda fasaha ta bunƙasa unguwannin Zongo. Aka kunna rediyon a shagunan biyu. Ya ce a layi ɗaya kawai, masu aikin surfani sun ninka, samar da riguna ya ninka sau da yawa, kuma aikin hannu na gargajiya bai taɓa samun daraja irin ta yau ba. Ya ce in aka bi wannan hanya, nan da shekara goma Kawukudi za ta ciyar da Afirka ta Yamma da babbar riga. Hajiya Zuera, wadda zuwa lokacin ta ƙara firiza biyu a shagon mijinta kuma kifinta ya fi surfanin kawo riba, ta ce yaron ya iya magana, saura ya sami aiki.

Malam Osman yana tsallaken titi yana gyara wa ɗalibansa zama. Ya nuna musu yadda ake sunkuyar da kai, yadda ake lasar bakin zare, yadda ake ɗaga ido a gajiye idan mai saye ya yi sallama. Suka iya da sauri, musamman gajiyar. Da aka tashi cin abinci, wani tsohon direban tirotiro mai suna Razak ya matso kusa da shi da ƙyalle a hannu.

"Malam, ni fa zaman banza na ba ni ciwon baya. Tunda dai muna nan har yamma, nuna mini yadda ake yin na gasken."

"Ba wanda zai saya," in ji Malam Osman.

"Na sani. Hular jikana nake so in yi wa ado."

Malam Osman ya dube shi, ya karɓi ƙyallen, ya zura zare a allura, ya yi ɗinki uku a hankali ya miƙa masa. Razak ya kama da yatsunsa masu kauri, ya soka, ya ja, layin ya tafi a karkace kamar motar da ta kauce wa rami. Daidai lokacin wani mai jan mota ya rage gudu a bakin titi, ya sauke gilashi, ya leƙo.

"Baba," ya ce wa Razak, "in ka gama wannan, kar ka sayar wa kowa. Nawa ne."